Bindigar Ƙugu a Amurka: Kuɗin Sayenta Shi Ne Mafi Sauƙi

A yawancin jihohin Amurka, mutumin da ya kai shekara 21, wanda ba a taɓa kama shi da babban laifi ba, yana iya shiga kantin makamai da hantsi ya fito kafin azahar da ƙaramar bindiga a kwalinta. Fam guda zai cike, mai lamba 4473. Mai kanti ya tura sunansa a duba a rumbun bayanan hukumar FBI, amsa kuma sau da yawa takan dawo cikin 'yan mintoci. Dala 300 ta isa ciniki. Zuwa shekarar 2024, jihohi 29 sun yarda mutum ya soke ta a ƙugu, ya saki riga a kanta, ya shiga kasuwa, ba tare da ya nemi wani lasisi ba.

Wannan zai ba mai karatu a Najeriya mamaki, domin dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. Amma muna da 'yan'uwa da yawa a can, daga 'yan zangon Gana da ke unguwar Bronx zuwa ɗalibai da ma'aikatan asibiti da direbobi a Teksas, kuma cikinsu akwai wanda yake tashi aiki ƙarfe biyun dare, ya ji abokan aiki suna cewa ai kowa yana ɗauke da tasa. Tambayar da irin wannan mutum yake fara yi ita ce: wacce ce mai araha? Ni kuwa ina ganin kamata ya yi wannan tambaya ta zo daga ƙarshe.

Asalin wannan 'yanci gyara na biyu ne da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar a 1791. An daɗe ana gardama kan ko haƙƙin na rundunar sa-kai ne ko na kowane mutum, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a 2008, a shari'ar Heller, cewa mutum yana da ikon ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai. A ranar 23 ga Yunin 2022, a shari'ar Bruen, kotun ta fitar da haƙƙin daga gida zuwa titi. Ta rushe wata ƙa'idar jihar New York mai fiye da shekara ɗari, wadda ta ce sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi lasisin yawo da bindiga. Kafin wannan ma jihohi sun riga sun saki linzami: Fulorida ta sauƙaƙe ba da lasisi tun 1987, Alaska ta cire wajabcinsa a 2003, Teksas ta bi sahu a 2021.

Masu sayen ma sun sauya. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Annals of Internal Medicine ya ƙiyasta cewa tsakanin Janairun 2019 da Afrilun 2021, Amurkawa kusan miliyan bakwai da rabi ne suka mallaki bindiga a karon farko. Kusan rabinsu mata ne, kashi ɗaya cikin biyar kuma baƙaƙen fata. Lokacin ya haɗa da annobar korona da zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd. Cibiyar Pew ta gano a 2023 cewa kashi 72 cikin ɗari na masu bindiga sun ce kare kai yana cikin manyan dalilansu. Ke nan tsoro ne ke kai mafi yawansu kanti, kuma mai tsoro a gurguje yake ciniki.

Kuskuren farko da sabon shiga yake yi shi ne zaɓen mafi ƙanƙanta. Hankali ma zai ba shi haka: tunda ɓoyewa za a yi, ai wadda ta fi shiga aljihu ita ce daidai, ga shi kuma sau da yawa ita ce ta fi araha. Ilimin kimiyya ya ce a'a. Idan albarushi ya kama, ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne yake turo bindigar baya. Harsashi mai faɗin milimita tara nauyinsa kusan giram takwas ne, yana fita da gudun kusan mita 350 a sakan guda. Bindiga mai nauyi takan shanye wani ɓangare na wannan bugun kafin ya iso hannu. Marar nauyi kuwa, tafin hannu da wuyan hannu ne ke karɓarsa. Glock 19 tana da nauyin kusan giram 670 ba harsashi. SIG Sauer P365 kusan giram 500. Ruger LCP, wadda ake sawa a aljihun wando, ba ta kai giram 300 ba, kuma duk da harsashinta ya fi na waɗancan rauni, masu koyar da harbi sun san yadda take cizon hannu. Mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama. Tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ita ma gajera ce, don haka ɗan karkacewar da ido ba zai gani ba a hannu, idan harsashi ya yi tafiyar mita goma sai ya zama kuskure babba.

Abin da ke biyo baya shi ne abin damuwar. Bindigar da ke sa ciwon hannu ba a son yin atisaye da ita. Mai ita zai harba kwali ɗaya ranar da ya saya, ya ji babu daɗi, ya mayar da ita aljihu, shekara biyu bai sake taɓa kunamarta ba. Ranar da abu ya faru, zuciya na bugawa, hannu na rawa, ga duhu, shi ne zai fito da makamin da bai iya ba a wurin da akwai mutane a bayan wanda yake nufi. Harsashin da ya kuskure ba ya tsayawa a iska. Bangon cikin gidajen Amurka galibi allo ne marar kauri, harsashi yana ratsa shi ya faɗa ɗakin yara ko gidan maƙwabci. Shi ya sa masu koyarwa da yawa suke ba sabon shiga shawarar ya fara da matsakaiciya, wadda duk yatsunsa za su zauna a mariƙinta, ko da ɓoye ta zai ɗan fi wuya.

A kan girman harsashi an sha dogon musu, amma yanzu ƙura ta lafa. Milimita tara, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, shi ne ya yi rinjaye. Hukumar FBI ta guje shi bayan wata musayar wuta a Miami a 1986 da ta ci rayukan jami'anta biyu, ta koma ga masu ƙarfi. Bayan shekara kusan talatin ta dawo gare shi, don ta ga jami'anta sun fi samun saiti da shi, ga kuma ingancinsa ya ƙaru. Ga mai lissafin aljihu akwai ƙarin dalili: shi ya fi yawa a kasuwa, shi ya fi arahar atisaye.

To, batun farashi. A kasuwar Amurka ta 'yan shekarun nan, ƙananan bindigogin kamfanin Taurus na Barazil, irin su G3C, sukan kama dala 250 zuwa 300. Na Ruger da wasu na Smith & Wesson, da Canik na Turkiyya, suna tsakiya. Glock ta Ostiriya da SIG Sauer sukan kai dala 500 zuwa 600. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan, don a 2015 kamfanin Taurus ya amince da sulhu a wata ƙarar taron dangi da ta shafi bindigogi kusan miliyan ɗaya, bisa zargin cewa wasu tsofaffin samfuransa suna iya tashi idan suka faɗi ƙasa, ko da yake bai amsa laifi ba. Sai dai tsada ma ba ta zama kariya ba. A 2017, shekarar da sojojin Amurka suka zaɓi wani samfuri na SIG P320 ya zama bindigar ƙugunsu, kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta ga masu ita bayan an nuna tana iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa. Darasin da ke ciki mai sauƙi ne: samfurin da ya daɗe a kasuwa, dubban mutane suka gwada shi, ake samun kayan gyaransa da kubensa ko'ina, ya fi sabon yayi, ko da sabon ya fi kyan gani. Wanda ya ga dama yana iya sayen ta-hannu daga kanti mai lasisi, musamman irin waɗanda rundunonin 'yan sanda suka sauya, ya rage kuɗi ba tare da ya rage inganci ba. Filayen koyon harbi da yawa kuma suna ba da hayar bindiga, ta yadda mutum zai gwada uku ko huɗu kafin ya fitar da kuɗinsa. Hannu ya bambanta. Wadda ta zauna wa wani daram, wani ko jan samanta baya ba zai iya ba, dalilin da ya sa Smith & Wesson ya fito da samfurin Shield EZ a 2018 domin tsofaffi da masu raunin hannu.

Yanzu sai a zo ga lissafin da mai kanti ba ya fara kawowa. Bindigar da za a ɗauka a jiki tana bukatar kube mai tauri wanda aka ƙera daidai da ita, wanda ya rufe kunama ruf. Yawancin fistol na zamani ba su da wani makulli na waje da ake turawa da yatsa. Abin da ke hana su tashi shi ne kada komai ya taɓa kunama. Wanda ya jefa ta tsirara cikin aljihu ko jaka, tare da makullan mota da biro, ya ɗora ransa da na waɗanda ke kusa da shi a kan sa'a. Kube nagari yakan kama dala 50 zuwa 100, ga bel mai ƙarfi da zai riƙe nauyin. Kwalin harsashi 50 na atisaye yakan kama dala 12 zuwa 20, kuma kwali ɗaya ba ya wuce 'yan mintoci a filin harbi. Mai zuwa sau ɗaya a wata, da kuɗin shiga fili, kafin shekara ta zagayo ya kashe abin da ya kai kuɗin bindigar ko ya fi. Ga akwatin ƙarfe mai kulle na gida, ga wani na mota. Ga kuɗin aji. Ga lasisi inda ake bukatarsa: a Teksas dala 40 ne da darasin awa huɗu zuwa shida ga mai so, amma a birnin New York kuɗin neman lasisi kaɗai dala 340 ne, ban da na ɗaukar hoton yatsu, kuma tilas a yi awa 16 a aji da awa biyu a filin harbi. Idan aka tara, bindigar dala 300 ta zama hidimar dala dubu ko fiye a shekarar farko. Wanda ya sayi ƙarfen ya bar sauran bai yi tsimi ba, rabin kaya ya ɗauko, kuma rabin da ya bari shi ne mai tsare rai.

Doka ma tana da nata tarkon, kuma baƙo ya fi kowa saurin faɗawa. Mai katin zama na dindindin yana da ikon saye a ƙarƙashin dokar tarayya. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aikin wucin gadi, an hana shi, sai a 'yan wasu yanayi ƙalilan kamar mallakar lasisin farauta. Wanda ba shi da takardu kuwa haramcin a kansa babu togaciya, kuma hukuncin ɗauri ne da kora. Sayo wa wani da sunanka, abin da mu a wurinmu za a ɗauka taimakon ɗan'uwa ne, babban laifi ne a can, wanda dokar 2022 ta sa masa ɗaurin da zai iya kai shekara 15. Wanda aka taɓa samu da laifin dukan iyali shi ma ya rasa haƙƙin, kuma a 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar Rahimi, ta tabbatar da hana makami ga wanda kotu ta umarta ya nisanci matarsa saboda barazana.

Lasisin wata jiha kuma ba lallai ya yi aiki a wata ba. A 2013 wata uwa mai 'ya'ya biyu daga Philadelphia, Shaneen Allen, ta tsallaka New Jersey da bindigarta mai lasisin Pennsylvania. Ɗan sanda ya tsayar da ita kan ƙaramin laifin tuƙi, ita da kanta ta gaya masa tana ɗauke da makami. Ta kwana a tsare fiye da wata guda, ta fuskanci ɗaurin shekara uku da rabi, sai a 2015 gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Haka nan akwai wuraren da ba a shiga da ita ko da lasisi, kamar kotuna da ofisoshin gwamnatin tarayya da shingen binciken filin jirgi. A 2023 jami'an tsaron filayen jiragen sama sun kama bindigogi 6,737 a jakunkunan hannun fasinjoji, kashi 93 cikin ɗari da harsashi a ciki. Amsar da aka fi ji daga bakin masu su ita ce mantuwa. Mutumin da zai manta yana ɗauke da bindiga mai harsashi, ban ga abin da ya haɗa shi da ɗaukarta ba tun farko.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a kowace doka ba, wanda duk baƙar fata a Amurka ya sani. A ranar 6 ga Yulin 2016, a jihar Minnesota, ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile. Yana da lasisi. Ya faɗa wa jami'in cikin ladabi cewa akwai bindiga a jikinsa. Cikin 'yan sakanni aka yi masa harbi bakwai a gaban budurwarsa da 'yarta mai shekara huɗu, kuma a 2017 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke jami'in. Mutanen Afirka ta Yamma da ke Bronx ba su manta da Amadou Diallo ɗan ƙasar Gini ba, wanda 'yan sanda huɗu suka yi wa ruwan harsashi 41 a ƙofar gidansa a 1999, alhali walat ne kawai a hannunsa. Idan har zaton bindiga ya isa a kashe mutum, to wanda ke ɗauke da ta gaske ya san nauyin da ya ƙara wa kansa duk lokacin da fitilar 'yan sanda ta haska a bayansa.

Shin ɗaukar tana ƙara tsaro kuwa? Nan ne masana suka rabu. A 1998 masanin tattalin arziki John Lott ya wallafa littafin da ya ce sauƙaƙe lasisi yana rage laifi. A 2004 kwamitin majalisar bincike ta ƙasar ya duba hujjojin ya ce ba su isa a yanke hukunci ba. A 2019 John Donohue na jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka fito da sakamakon da ya nuna akasin haka, wato bayan shekara goma da sauƙaƙe dokar, laifukan tashin hankali sukan fi yadda da za su kasance da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari. Ko adadin lokutan da ake kare kai da bindiga ba a daidaita a kansa ba: wani bincike na 1995 ya ce sau miliyan biyu da rabi a shekara, ƙidayar gwamnati ta waɗanda aka yi wa laifi kuma takan tsaya a dubbai gomomi. Babu mai musun cewa akwai waɗanda bindiga ta cece su, mata a hannun tsohon miji mai barazana, masu kanti a hannun 'yan fashi. Tsoron da ke kai mutum saye ba abin raini ba ne.

Amma akwai alƙaluman da babu gardama a kansu, kuma su ne suka fi tayar mini da hankali. A 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830 a Amurka. Daga ciki, 26,328 su ne suka kashe kansu, wato fiye da rabi. Wani babban bincike a Kalifoniya, da aka buga a 2020 bayan bin diddigin mutane fiye da miliyan 26, ya gano cewa maza masu ƙaramar bindiga sun ninka waɗanda ba su da ita kusan sau takwas wajen kashe kai da bindiga, mata kuwa sau 35. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙuncin da ke kai mutum ga wannan tunani sau da yawa yakan zo ya wuce, kuma mafi yawan waɗanda suka gwada ta wata hanya sukan rayu. Da bindiga kuwa, kusan tara cikin goma ba sa tashi. Mai zaman ƙasar waje ya san kaɗaici da bashi da rikicin aure ba tare da dangi a kusa ba. Wanda ya san yana cikin irin wannan hali, ko wani a gidansa yana ciki, lambar da yake bukata ita ce 988, layin taimakon gaggawa da aka buɗe a 2022, ba lambar kantin makamai ba.

Sai yara. A 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota, ta zama kan gaba wajen kashe 'yan shekara ɗaya zuwa 19 a ƙasar. A Nuwamban 2021 wani uba a Michigan, James Crumbley, ya sayi fistol, aka bar ta inda ɗansa mai shekara 15 zai iya ɗauka. Bayan kwana huɗu yaron ya kashe ɗalibai huɗu a makarantarsu ta Oxford. A 2024 kotu ta ɗaure uban da uwar shekara 10 zuwa 15 kowannensu. Saman kabad ba maɓoya ba ce, ƙarƙashin katifa ma haka, don yaro ya fi iyayensa sanin lungunan gida. Aljihun mota kuwa ya zama babbar hanyar da ɓarayi ke samun makami a biranen Amurka, daga nan bindigar mai kare kai ta koma hannun wanda ake tsoro.

Saboda haka, ɗan'uwa da ke can, ka juya tsarin cinikin. Fara da tabbatar da cewa takardunka sun ba ka dama, ka karanta dokar jiharka da ta duk jihar da kake ratsawa. Ka zauna da maiɗakinka ku yi maganar gaskiya kan yara da halin da kowa yake ciki. Ka biya kuɗin aji ko da jiharka ba ta wajabta ba, ka yi haya ka gwada, ka sayi akwatin kulle tun kafin bindigar ta shigo gida. Idan bayan duk wannan ka ga har yanzu kana bukata, matsakaiciyar fistol mai milimita tara daga kamfanin da aka daɗe da sani ta wadatar, ko ta dala 300 ce ko ta 550. Idan kuwa dala 300 ɗin ita ce iyakar abin da ke hannunka, ka kashe ta a kan ƙofa mai ƙarfi da fitila da kyamara, ka bar bindigar a kanti.